Me ya sa unguwannin bayan Kano suke cika kafin hanya da ruwa da wuta su iso?

Tambayar ta fito ne daga wani mazaunin ɗaya daga cikin sabbin unguwannin ƙaramar hukumar Kumbotso. Ya ce wurin da suke zaune gonaki ne shekaru kaɗan da suka wuce, yanzu gidaje sun haɗe, amma babu ruwan famfo, transfoma ba ta shekara ba ta ƙone ba, da damina kuma ruwa yana shigar musu ɗaki. Yana so ya san musabbabin hakan, da abin da mutanen unguwa za su iya yi, da abin da ya kamata mai shirin sayen fili a irin wurin ya duba.

Malam, yawan jama'a yana cikin lamarin, amma ba shi ne tushen ba. Tushen yana ranar da aka yanka gonar aka sayar ba a bar wa hanya da magudanar ruwa wuri ba. Ruwan famfo da wuta da makaranta duk ana iya kawo su daga baya idan akwai kuɗi. Wurin da za a bi a shigo da su ne ba ya dawowa da sauƙi, domin da zarar bulo ya hau kansa, sai da rushe gini da biyan diyya.

Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma kusan miliyan 2.8 daga ciki suna ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye: Birni, Dala, Fagge, Gwale, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso. Ungogo tana da sama da 360,000 a lokacin, Kumbotso kuma kusan 295,000. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, wadda aka shirya a 2023 ma an ɗage ta, saboda haka duk adadin da ka ji an faɗa yau kintace ne. Abin da ba kintace ba shi ne lissafi: jama'ar da take ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkawa cikin shekara 23 zuwa 24. Bayan gari kuwa ba haihuwa kaɗai ke cika shi ba. Cikin ganuwa da Fagge da Tarauni sun riga sun cika, don haka duk saurayin da ya yi aure, da magadan da suka sayar da gidan gado suka raba kuɗin, da wanda ya baro ƙauye ko ya gudo daga rashin tsaro, bayan gari suke nufa. Unguwar da take ƙaruwa da kashi 7 cikin 100 shekara 10 kawai take bukata ta ninka. Babban tsarin da aka yi wa Kano bayan samun 'yancin kai na shekarun 1963 zuwa 1983 ne, garin kuma ya daɗe da wuce iyakokin da aka zana a wancan lokaci.

Yanzu mu ɗauki gona guda mu auna ta, don a nan komai yake fitowa fili. A ce hekta 5 ce, wato murabba'in mita 50,000. Fuloti hamsin-hamsin, ƙafa 50 tsawo ƙafa 50 faɗi, murabba'in mita 232 ne. A awon gwamnati, masu tsara gari suna ware kamar kashi 30 cikin 100 na filin don tituna da magudanai da makaranta da asibiti da sauransu, sai a sami fuloti kusan 150. A awon igiya, inda mai gona da dillali suke kafa fegi su bar lunguna masu ƙafa 10 ko 12, abin da ake bari bai fi kashi 10 ba, sai a sami fuloti sama da 190. Bambancin fuloti 40 ne da 'yan kai, kuma kuɗinsu a aljihun mai gona yake. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin ya zaɓi na biyun, musamman idan magada ne kowa yana jiran kasonsa, ko kuma manomi ne da yake tsoron gwamnati ta riga shi ta karɓe gonar ta biya shi diyyar amfanin da ke kanta kawai. Mai saye shi ma yana da hujja: filin awon gwamnati ya fi ƙarfinsa, na igiya kuwa zai biya yau ya fara fandisho gobe.

To ga abin da gidaje 190 suke nema. Idan aka yi lissafi da mutum 8 a kowane gida, mutum 1,520 ke nan a wurin da a da iyali biyu ko uku ke nomawa. A kan lita 50 ga kowane mutum a rana, wanda shi ne ƙasan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take gani ya wadatar da sha da girki da wanka da wanki, suna bukatar lita 76,000 kullum. Jarka 3,040 ke nan, ko kurar ɗan garuwa mai jarka 12 sau 250 da wani abu. Kamar mutum ɗaya cikin shida yana shekarun firamare, yara 250, aji 7 idan aka bi ƙa'idar ɗalibai 35 ga malami ɗaya. Kuma wannan gona ɗaya ce. Maƙwabciyarta ma haka aka yanka ta, kuma lungunanta ba su dace da na wannan ba, shi ya sa za ka shiga layi da mota ka tarar ya ƙare a bangon wani.

Batun ambaliya shi ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin mutane da yawa suna ɗauka ruwan sama ne ya ƙaru. Ruwa mai zurfin milimita 50, irin wanda Kano take samu a dare ɗaya a watan Agusta, idan ya sauka a kan hekta 5, lita miliyan 2.5 ne. Lokacin da wurin yake gona, rairayi da kunyoyi suna shanye mafi yawansa, abin da yake gudu bai fi kashi ɗaya cikin biyar ba. Bayan an rufe shi da kwano da siminti da intalok, kusan kashi huɗu cikin biyar ne yake gudu, kuma cikin mintuna yake taruwa. Ruwan da yake neman hanya ya ninka sau huɗu, hanyar kuma an sayar da ita. Ƙoramar da take ɗaukarsa a da an yi mata ciko an yanka. Kududdufin da aka haƙa don ƙasar gini, wanda shi ne yake riƙe ruwan har ya tsotse a hankali, an cike shi da shara an gina shaguna. Daga nan sai gasar ciko ta fara: wannan ya zubo tifa biyu ta jar ƙasa a ƙofar gidansa, ruwa ya koma wa na kusa da shi, shi ma ya zubo uku. Cikin 'yan shekaru layi ya fi tsakar gidajen farko tudu, sai ka ga mai gida yana sauka matakala biyu kafin ya shiga zaurensa, ya gina 'yar katanga a bakin ƙofa yana tsallakawa.

Kuskuren da ya fi yawa wajen gyara shi ne kowa ya gina lambatu a iya gaban gidansa. Magudana ba daga sama ake fara ta ba, daga inda ruwan zai fita ake farawa a taho baya. Sai an fara sanin ina ne mafita, ƙorama ce ko babbar magudanar titi, sannan safiyo ya ɗauki tudu da gangaren layin da na'ura, a fitar da zurfin kowane wuri. Gangaren da bai kai mita 1 a cikin kowace mita 200 ba yashi zai riƙa kwanciya a ciki. Faɗin kuma yana ƙaruwa ne yayin da ake gangarawa, domin lambatun ƙarshen layi yana ɗaukar ruwan duk gidajen da ke sama. Idan kowa ya sa birkilansa, za a sami guntaye masu zurfi daban-daban, ruwa ya kwanta a tsakani, a yi kuɗin siminti a sayi sauro. A mararraba kuma kada a yarda da kwalbati ƙasa da milimita 900, ba don ruwan ya kai haka kullum ba, sai don ƙarami ba ya yasuwa idan leda da yashi suka toshe shi.

Ruwan sha kuma matsala biyu ce a haɗe. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne don lita miliyan 150 a rana, ta Watari miliyan 75, ga kuma tsofaffin na Challawa. Ko da Tamburawa tana aiki ba tsayawa, a kan lita 100 ga mutum, mutum miliyan 1.5 za ta ɗauka, ba a cire wanda yake zuba a fasassun bututu ba. Ko da ruwan ya wadata ma, bututu yana bukatar gefen titi da zai kwanta, lungu mai ƙafa 10 kuma ba shi da gefe. Shi ya sa kowa ya koma rijiya da bohol.

A nan akwai abin da ba a cika faɗa wa masu gini ba. Ƙa'idar da masana tsafta suke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai ko sokawe da rijiyar sha, kuma gindin ramin masan ya tsaya aƙalla mita 1.5 zuwa 2 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa da damina. Fuloti hamsin-hamsin mita 15 ne kowane gefe. Ko ka kai rijiyarka kusurwa ɗaya masai ɗaya kusurwar, ba za ka sami mita 30 ba, kuma ba ka san inda maƙwabcin bayanka ya haƙa nasa ba, sau da yawa bango ɗaya ne tsakani. Saboda haka a unguwa irin wannan, ruwan rijiyar cikin gida na wanki ne da gini, ba na sha ba, komai haskensa. Amai da gudawa da taifod ta nan suke bi.

Bohol ya fi, idan an yi shi daidai. Mafi yawan ƙasar Kano da kewayenta a kan dutse take zaune, ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogi, ba shimfiɗe yake ko'ina ba. Shi ya sa wani zai haƙa ya sami ruwa, na bayansa da mita 50 ya ci kuɗinsa a banza. A fara da gwajin ƙasa kafin a kira mota. A tabbatar an zuba siminti a kewayen bututun daga sama zuwa ƙasa kamar mita 5 ko 6, don nan ne ƙazantar saman ƙasa take silalewa, kuma nan ne masu haƙa suka fi yin ha'inci tunda ba a gani. A yi gwajin ja na sa'o'i kafin a sayi injin, don injin da ya fi ƙarfin ramin zai riƙa jan iska ya ƙone. Ramin da yake ba da rabin lita a daƙiƙa yana ba da lita 1,800 a awa. A kan sola, awa 6 na rana mai kyau, kusan lita 11,000, wanda zai ishi gida kusan 27 a kan lita 50 ga kowane mutum. Bohol ɗaya mai kyau da tankin sama da famfuna a bakin layi ya fi ramuka 20 da suke janye wa juna ruwa har su ƙafe a watan Afrilu. A kai ruwan ɗakin gwaji: kada a ga ƙwayar cutar bayan gida ko ɗaya a mililita 100, sinadarin naitiret kuma kada ya wuce miligiram 50 a lita. Waɗanda suke kusa da masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai su nemi a gwada har da kuromiyam, saboda ruwan jima.

Wuta lissafinta a bayyane yake. Transfoma mai kVA 300 ba a so a ɗora mata fiye da kashi 80 cikin 100, wato 240. Idan kowane gida yana jan kVA 1.5 a lokacin da kowa ya kunna, gida 160 ne iyakarta. An kafa ta lokacin da gidajen ba su kai 100 ba, yanzu ga 300, ga injin markaɗe, ga mai walda, ga masu ƙanƙara, ga injinan bohol. Abin da yake ƙarasa ta kuma shi ne rashin daidaito: layi uku ne suke fita, amma duk wanda ya ga layinsa ya yi rauni sai ya kira mai gyara ya mayar da shi kan wanda ya fi ƙarfi, har kaya su taru a layi ɗaya. Fis ya riƙa tsinkewa, sai a ɗaura waya mai kauri a madadinsa, daga ranar nan transfomar ce ta zama fis. Gidajen da suka wuce mita 300 zuwa 400 daga gare ta, musamman a kan siririyar waya, wutarsu ba za ta tayar da firji ba ko da sabuwa aka kawo. Maganin nesa ba babbar transfoma ba ne, ƙarin wata ce a tsakiyar sabbin gidajen, ita kuma tana bukatar ɗan fili kamar mita 4 zuwa 5 kowane gefe, wanda babu wanda ya bari. Hukumar NERC, mai kula da harkar wutar lantarki a ƙasa, ta sha nanata cewa sayen transfoma da turaku da waya aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani ba. Idan unguwa ta ga ba za ta iya jira ba ta yi karo-karo, to a rubuta yarjejeniya da kamfanin kafin a saya, a kan yadda za a mayar da kuɗin, don bayan an haɗa ta a layi ba ku da sauran ta cewa.

Ga mai shirin saye. Takardar mai unguwa da sa hannun shaidu shaida ce cewa an yi ciniki, tana da amfani idan rigima ta tashi tsakaninka da mai sayarwa, amma ba ta ɗaure gwamnati ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, shi yake ba da shaidar mallaka, yawanci ta shekara 99, kuma yana iya karɓe fili don amfanin jama'a. Kafin ka biya, ka sa safiyo ya ɗauki lambobin kusurwoyi huɗun filin, ka kai ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar da ke riƙe da taswira da bayanan filaye na jihar, a duba ko wurin yana cikin wani awon gwamnati ko an riga an ba wani, ka kuma tambayi KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko akwai titin da aka zana zai bi ta nan, domin ita ce za ta ba ka izinin gini kuma ita ce take shafa jan fenti. Ka ɗaga kai ka dubi sama: ƙarƙashin babban layin wuta mai kV 330 ana barin faɗin mita 50, mai 132 mita 30, mai 33 da mai 11 kuma mita 11. A bakin titin gwamnatin tarayya, kamar na Zariya ko na Katsina, mita 45.72 ne daga tsakiyar titi kowane ɓangare. Filin da aka yi maka araha ƙwarai a irin waɗannan wurare, dalilin arahar ke nan.

Sannan ka je ka ga filin a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba a watan Maris ba lokacin da ko fadama ta yi kama da tudu. Idan dole da rani za ka saya, ka dubi gindin katangun maƙwabta, ruwa yana barin zane a jikin bulo. Ka dubi ƙasar ko baƙa ce mai tsagewa. Ka tambayi tsofaffin manoman wurin inda suke shuka shinkafa ko rake a da. Ka auna layin da kanka da tef tun daga babban titi har ƙofar filin, wurin da ya fi matsewa shi ne faɗin hanyarka na gaskiya. Idan tifa ba za ta shiga ba, motar kashe gobara da ta kwasar masai ma ba za su shiga ba. Idan ka zo gini, ka ɗaga daɓen ɗakunanka santimita 45 zuwa 60 sama da layi, ka tuna layin zai ƙara tudu duk ranar da aka zo yin titi. Ka bar wani ɓangare na tsakar gida ba siminti.

Ga ku kuma da kuka riga kuka zauna. A ganina, mafi yawan ƙungiyoyin unguwa suna fara kashe kuɗinsu a inda bai kamata ba, wato ciko da gireda duk bayan damina, abin da ruwan baɗi zai kwashe. Abin da ya fi gaggawa shi ne filayen da ba a gina ba tukuna, don su ne kullum suke ƙarewa. Ku zauna da mai unguwa da dagaci da masu gonakin da suka rage a gefenku, ku sa safiyo ya zana unguwar yadda take a yau, ku fitar da layi ɗaya ko biyu da za su zama manyan hanyoyi masu faɗin aƙalla mita 12: mita 7 na mota, lambatu a kowane gefe, sauran na turakun wuta da bututu. Inda ba a yi gini ba a kafa fegin siminti yanzu. Inda katanga ce kawai ta shigo, a roƙi mai ita ya ja da baya tun kafin ta zama ɗaki; jan katanga kuɗin bulo ne, jan ɗaki kuwa shari'a ce. Ku gano hanyar da ruwa yake bi, ku hana a gina ta ko da sayen fulotin za ku yi. Idan akwai kududdufin da ya rage, kada ku bari a cike shi. A kewaye shi saboda yara, a hana zuba shara, a yi masa mafitar da zai riƙa amayarwa idan ya cika.

Da kuɗin karo-karo na farko ku sayi fili, ba siminti ba: na makaranta, na ɗan asibiti, na transfoma, na bohol, na maƙabarta idan wadda kuke kai wa ta kusa cika. Tsarin gwamnati shi ne cibiyar lafiya ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, mazaɓun Kano kuma 484 ne, ba sa ƙaruwa don unguwarku ta ninka. Ƙaramar hukuma ko ɗan majalisa da yake neman inda zai yi aikin mazaɓa ya fi saurin amsa wa mutanen da suka zo da fili a hannu da taswira da adadin gidaje. A yi takardar filin da sunan ƙungiya mai rajista da amintattu aƙalla uku, ba da sunan shugaba ba, don idan ya rasu magadansa za su iske shi a cikin dukiyarsa. Taswirar nan kuma ku kai kwafinta KNUPDA da ma'aikatar ƙasa da takarda a rubuce, ku karɓi hatimin shaidar an karɓa, ku nemi a shigar da hanyoyin da kuka ware cikin tsarinsu, ta yadda duk wanda ya zo neman izinin gini a kansu daga baya za a hana shi tun daga ofis.